Gurbin da Mu'azu Ya Jira

Ni tela ne, kuma tela ba ya rasa gani, don ƙafa ce ke taka keke, hannu na jan yadi, ido kuwa rabi a allura rabi a hanya. Rumfata tana kallon ƙofar gidan Malam Dabo a Birnin Gwari, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. A zamanin Turawa ne, shekarun da En'e, wato hukumar gargajiya, ta fara tura 'ya'yan talakawa koyon aikin asibiti. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ana gab da shuka Mu'azu, ɗan farin Malam Dabo, ya dawo daga Zariya. Ya gama makarantar Midil, ya rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon likitanci, ya ci, aka kira shi jarrabawar baka, wadda 'yan boko ke ce wa intabiyu. Muna sa ran ko dai ya dawo da dariya ko ya dawo da kuka, sai ga shi ya dawo ba ko ɗaya. Ya zauna a benci a rumfata yana ta murza hula a hannu. Daidai lokacin Malam Ja'afaru, malamin asibitin En'e, ya zo karɓar taguwarsa.

"To, me suka ce?" in ji Malam Ja'afaru.

"Sun ce ina cikin masu jira, Malam."

Na ce, "Jiran me kuma?"

"Jiran gurbi. An ɗauki waɗanda aka ɗauka. In wani ya fasa, ko ya shiga ya kasa, sai a kira ɗaya daga cikinmu."

Malam Ja'afaru ya ajiye taguwar ya fuskance shi. "Faɗa mini yadda ka shiga ɗakin."

"Na cire takalma a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe su."

"Kujera fa?"

"Sun nuna mini. Amma manya ne, Malam, Turawa biyu da wani babban malami. Na ɗan ɗosana a bakinta."

"Idonka yana ina?"

"A ƙasa mana."

Malam Ja'afaru ya bugi cinyarsa har ƙura ta tashi daga wandonsa. Ya ce, "Shi ke nan! Takarda fa, Mu'azu, abin da ka haddace kawai take nuna musu, kuma wannan sun gani sun yarda. Ta baka ita suka fi ba nauyi. So suke su ga ko kai mutum ne da zai tsaya a kan majinyaci ya dube shi ya gaya masa abin da ba ya son ji. Suna duba hannunka ko yana rawa, suna sauraron muryarka ko tana fita. Ladabin da muke yabonka da shi a nan, shi ya ja ka baya a can."

Jikin yaron ya yi sanyi. Amma Malam Ja'afaru bai bar shi haka ba. Ya ce masu jira ba a yasar da su, sake duba su ake yi. In gurbi ya buɗe, Likita Bature da ke zuwa rangadi bayan damina zai gana da shi a nan garin, ya duba lafiyar jikinsa, sannan ya ji daga bakin uban cewa ya sake shi ya tafi shekarun karatun. Kafin nan, Mu'azu ya riƙa zuwa asibiti kullum da safe yana taya shi wanke miki da naɗa bandeji, don ranar da aka tambaya shi Malam Ja'afaru ma ya sami abin da zai shaida a kansa.

Wanda bai taɓa jira ba ba zai gane yadda Mu'azu ya koma ba. Zama ya gagare shi. In ya ji ƙugin mota daga nesa, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ya nufi tasha, ya tsaya har a gama sauke kaya, ya dawo yana jan ƙafa. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun laƙa masa suna Likitan Jira. In ya taso daga asibiti sai ya zo rumfata ya ce, "Baba Tela, ka zama Bature, ka yi mini tambaya." Ni da ban san bihim a boko ba sai in murtuke fuska in ce, "Kai yaro, hanji nawa ne a cikin mutum?" Shi kuma ya ƙame kamar ɗan doka, ya zuba mini ido yana gumi, don koyon kallon babba a ido ya fi masa lissafi wuya. Muka sha dariya a kwanakin nan, kuma su ke nan kwanakin dariyar.

Malam Dabo mutum ne mai kunyar ɗan fari, irin wadda ake kwatance da ita. Tun da aka haifi Mu'azu bai taɓa kama sunansa ba. Ba ya cin abinci inda yake, ba ya yi masa magana kai tsaye. In yana da saƙo sai ya dubi bango ko ya dubi sama ya ce, "A gaya wa wancan," ko da wancan ɗin yana tsugune a gabansa. Wannan al'adarmu ce, ban ce laifi ba ce, ni ma haka nake da babbata. Abin da na lura da shi dai, bakin Malam Dabo ne ke jin kunyar Mu'azu, amma gandunsa bai taɓa jin kunyarsa ba.

Ruwan shuka na sauka, ina jin sa daga rumfata ya tsaya a zaure yana cewa, "A gaya wa wancan, gobe tunga." Tungar nan sabuwar gona ce da ya sa aka sassabe a cikin daji can bayan Kusasu, tafiyar yini a ƙasa, ba kowa sai bukka da birai da tsando.

Malam Ja'afaru ya zo da kansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Dabo, na zo roƙo ne. Yaron nan a bar mini shi daminar bana. Saƙo yana iya zuwa kowace rana."

"Malam, jira aiki ne?" in ji Malam Dabo, yana murmushi. "Mai jira ai yana iya jira da fartanya a hannu. In saƙon ya zo, sai a aika."

"Ka sa 'yan ƙodago mana, ko ka kira gayya."

"Ina da ɗa namiji a gida in sa 'yan ƙodago? Me za a ce da ni a gari? Ni ma ubana, Allah ya ji ƙansa, sai da na yi furfura a gemu ya sallame ni daga gandu. Ga ni kuwa ban mutu ba."

Ba rashi ne ya sa shi ba, wannan kowa ya sani. Mutumin da ke da shanu a hannun Fulani, da jakuna, da rumbun da hatsin bara bai ƙare a ciki ba. Da asuba Mu'azu ya saɓa garma ya rataya littattafansa a cikin tsumma, ya biyo ta rumfata ya ce, "Baba Tela, don Allah in ka ji wani abu." Na ce ya tafi, kunnena yana nan.

Da farko duk Juma'a yana zuwa. Ya taso tun duhu-duhu, ya iso ana shirin masallaci, kafin ya sha ruwa ya wuce asibiti. "Malam, akwai labari?" Babu. Ya biyo ta wurina. "Baba Tela, mota ta zo da wani abu?" Babu. Washegari ya juya. Kowace Juma'a sai in ga ya ƙara ramewa, wuyansa duk tabon cizon tsando, hannun da aka ce Turawa na dubawa ya yi kanta ya tsattsage. Ya ce mini da rana noma, da yamma korar birai, littafin ma gara ta fara cin gefensa. Duk da haka bakinsa bai daina ba: ko wani ya fasa, ko an manta da shi, ko saƙon ya ɓata a hanya, ko an kira wani a bayansa. Tambaya ɗaya sai ya juya ta sau goma.

Lokacin maimai sai ga shi ya zo yana ɗingishi. Wani kututture da aka sare a kaikaice ya yage masa ƙwauri. Malam Ja'afaru ya wanke, ya sa maganin aidin, ya ɗaure, ya ce lallai ya zauna a gari har ya rufe, don ciwon ƙwauri da laka ba sa shiri, gyambo zai zama. Ya bi shi har gida ya faɗa wa uban.

Malam Dabo bai ko dubi ƙafar ba. Ya ce, "Ƙwarzane ne, Malam. Wane manomi ne ba shi da irinsa? Ku mutanen asibiti in kun ga ƙuruji sai ku ce a kawo makara. Ciyawa na cin dawa a can."

Na ga dai ta wajen uba ba hanya, sai na tura matata Ladi wurin Huraira, uwar yaron. Ladi ta dawo tana huci. Ta ce ta tarar da ita tana daka tana hawaye, amma da ta ce mata ta yi wa Malam Dabo magana sai Huraira ta rufe baki da gefen zane.

"Ladi, da wane bakin? Na fari ne fa. In buɗe baki a kan maganarsa a gaban ubansa, ai na gama zubar da mutuncina. Ina dai yi masa addu'a."

"Addu'a za ta wanke masa ƙafa?" in ji Ladi.

"Na ƙulla masa garin bagaruwa ya riƙa barbaɗawa. Ki bari, Ladi, Allah yana gani."

Ban ce Huraira ba ta son ɗanta ba. Tana son sa, har daddawa da kuka take ɓoyewa a cikin kayansa. Amma ta zaɓi mutuncinta, ta bar masa bagaruwa, kuma da safe ya koma daji da sanda.

Daga nan marka ta kankama, rafuka suka cika, Mu'azu ya daina zuwa. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ni da ba ɗana ba sai na tsinci kaina ina ɗaga kai duk wanda ya ɓullo ta hanyar Kusasu, har na ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Malam Dabo kuwa yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. In an tambaye shi yaron sai ya ce, "Suna can lafiya," kamar wanda aka tambaya labarin tumaki.

Ruwa na fara ja baya saƙon ya zo. Wani ɗalibi da aka ɗauka ya ga an buɗe gawa a ɗakin koyo, ya tattara kayansa ya gudu garinsu. Gurbi ɗaya ya buɗe. Likita zai iso ranar kasuwa ta sama, kuma masu jira biyu zai gani daga wannan yankin: Mu'azu, da wani Maliki, ɗan wani ɗan kasuwa daga Kutemeshi. Malam Ja'afaru ya zo da sauri har hularsa ta karkace, ya sanar da Malam Dabo a gabana.

"Madalla," in ji Malam Dabo. "Za a aika."

Washegari na tambaye shi ko an aika. Ya ce rafi bai faɗa ba tukuna. Kashegari ya ce yaron da zai aika ya tafi kiwo. Rana ta uku ya ce jakin da za a ɗauko Mu'azu da shi ne ya ji ciwo a baya, kuma ai da sauran lokaci, gaggawar me muke yi? Na dube shi, ya dubi carbinsa. A ranar na tabbata ba mantuwa ba ce. Malam Ja'afaru ya samu wata Bafulatana mai tallar nono da rugarsu ke wajen, ya roƙe ta ta kai saƙon.

Ana gobe Likita zai zo, da la'asar, Mu'azu ya iso. Da warin na fara sanin ya zo kafin in ga fuskarsa. Ya kwana a hanya, don tafiyar yini ta zame masa ta kwana biyu. Ƙwarzanen nan ya zama rami kamar bakin ƙoƙo, gefensa ya yi tauri ya yi fari, ƙuda na bin sa. Amma idonsa yana ƙyalli.

"Baba Tela, da gaske ne? Gobe ne? Ban makara ba?"

"Ba ka makara ba. Zauna."

"Ba zan iya zama ba. Ka yi mini tambaya ko ɗaya ce."

Na kasa. Na kama hannunsa na kai shi asibiti. Malam Ja'afaru yana wanke ƙafar yana girgiza kai, yaron kuwa ya ciji leɓe, maimakon ya yi kuka sai tambaya yake ko wando mai tsawo zai rufe bandejin.

Da muka fito, Malam Ja'afaru ya sake tunkarar uban. Wannan karon da dabara ya zo. Ya ce, "Malam Dabo, na san nauyin da ke tsakaninka da yaron nan, ba kuma zan sa ka abin kunya a gaban jama'a ba. Ka bar ƙanenka Bakoji ya tsaya masa gobe. Ai haka ake yi, maganar ɗan fari ƙanen uba ke yin ta."

Malam Dabo ya sha toka. "Ina raye? Ina numfashi wani zai tsaya a kan abin da na haifa? Bakoji ne ya ciyar da shi?"

"To, in kai za ka je, kalma biyu ce kawai. Yaron kirki ne, na kuma sake shi. Shi ke nan."

"Allah ya kai mu goben," in ji Malam Dabo.

Ka ji fa. In maganar riƙe yaro ce, shi ne uba, ba wanda ya isa. In maganar tsaya masa ce, sai kunya ta taso.

Washegari da hantsi aka kafa wa Likita tebur a barandar asibiti. Rabin kasuwa ta watse ta zo kallo, ni ma na rufe kekena. Bature ne dogo mai jan wuya, ya daɗe a Arewa, yana jin Hausa, irin tasu mai kama da karatun littafi. Maliki aka fara kira. Yaro ne mai ƙiba, ya amsa wasu ya yi tuntuɓe a wasu. Ubansa kuwa ba a gama tambayarsa ba ya ɓalle da yabo, don Maliki na huɗu ne a ɗakinsu, ba kunyar da ta ɗaure masa harshe. Ya ce ko yau aka ce a tafi, ga akwatinsa can a ɗaure.

Sai aka kira Mu'azu. Wallahi na yi alfahari da yaron nan. Ya jingine sandarsa a bayan ginshiƙi, ya taka ƙafar nan kamar lafiyayya, bai cire takalmi ba, ya zauna a kujera sosai, ya dubi Bature a tsakiyar ido. Aka yi ta Turanci, ban ji ko kalma ba, amma na ga Likita yana gyaɗa kai, na ga Malam Ja'afaru yana ɓoye murmushi. Aka ba shi bandeji ya naɗa a hannun wani majinyaci, ya naɗa tsaf, hannunsa bai yi rawa ba.

Likita ya ce ya miƙe a duba jikinsa. A nan ne ya ga ruwan miki ya huda bandeji ya ɓata farin wandon. Ya sa aka naɗe wandon, ya kwance da kansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya Hausa, yadda kowa zai ji.

"Wannan ya yi wata nawa?"

"Tun maimai, ranka ya daɗe."

"Ciwon zai warke. Amma kai kana son ka zama mai magani. Ka san abin da laka take yi wa miki. Asibiti yana garinku. Don me ka bar shi ya zama haka? Wa ya hana ka zuwa?"

Malam Dabo yana tsugune ƙasa da taku biyar daga teburin. Da Mu'azu zai juya ya nuna shi da yatsa, da an gama. Amma wane ɗa ne zai tsaya a gaban kasuwa guda ya ce ubansa ne?

"Ba wanda ya hana ni, ranka ya daɗe," in ji shi. "Sakacina ne."

Malam Ja'afaru ya yunƙura zai yi magana, Likita ya ɗaga masa hannu, ya rubuta wani abu. Sannan ya ce a matso da uban.

"Malam, wane irin yaro ne wannan?"

Malam Dabo ya dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe, yaro ne dai. Bai san komai ba tukuna. Ga shi ka ji da bakinsa."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, alamar ya yi daidai. Likita ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Na sani a ƙasar nan uba ba ya yabon ɗansa na fari. Ban ce ka yabe shi ba, ban ce ka kama sunansa ba. Tambaya ɗaya zan yi, kana iya amsa ta da kai ma. Makaranta ta riga ta fara. Wanda na ɗauka gobe zai bi motata. Ka sake shi?"

Ga hanya an share masa, ba kunya a ciki ko ƙwaya. Gyaɗa kai ne kawai. Mu'azu yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, yana kallon bango.

Malam Dabo ya gyara tsugunno. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban hana ba. Wa zai hana abin alheri? Amma ga gyaɗa a ƙasa, ga dawa ta yi kai. In amfani ya shiga rumbu, sai a duba."

"E, ko a'a?"

"Sai a duba, ranka ya daɗe."

Likita ya rufe alƙalaminsa. Bai ɓoye dalilinsa ba, a gabanmu ya gaya wa Malam Ja'afaru. Ya ce a takarda Mu'azu yana gaba nesa, a baka ma yau ya fi. Ƙafa ba ta dame shi ba. Amma yaro ya ce shi mai sakaci ne, uba bai musa ba, kuma uba bai sake shi ba. Gurbi ɗaya ne, ba zai ba wanda za a zo a ɗauke ranar girbi ba. Malam Ja'afaru ya ce, "Baɗi fa, ranka ya daɗe?" Likita ya duba takardunsa ya ce baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Ya kira Maliki. Ya kuma ba da umarni a kwantar da Mu'azu a yi masa allurai, kada ƙafar ta taɓa ƙasa mai damshi sai ta rufe.

Mu'azu bai yi kuka ba. Ya gaida Likita, ya je ya kama hannun Maliki ya ce Allah ya ba da sa'a. Sai da ya juya zai ɗauki sandarsa ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a wurin.

Da yamma na tare Malam Dabo a ƙofar gidansa. Ya girme ni, ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na ɗaga.

"Malam Dabo, me yaron nan ya yi maka?"

"Tela, ka ji na ce a'a? Duk jama'a shaida ne ban ce a'a ba. Allah ne bai yi ba. Abin da ba rabonka ba ko an sa maka a baki sai ya faɗi."

"Kai ka buge shi daga bakin."

Ya dube ni, ya rage murya, kamar mai faɗa wa yaro abin da ya kamata ya sani tun tuni. "In ya tafi shekara biyar, wa zai riƙe mini tunga? Ƙannensa ba su isa garma ba. In ya dawo da farar riga, kana jin zai sake sunkuyawa a gandu? Ni na haife shi, Tela. Ka koma kan kekenka."

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. A masallaci da magariba na ji ana yaba shi. Wai Malam Dabo dattijon asali ne, ko a gaban Bature bai zubar da kunyar ɗan fari ba. Wai yaron ma ɗan halak ne, ya rufa wa gidansu asiri. Kowa ya sami abin yabawa, aka shafa fatiha aka watse. Ba wanda ya ce an yi zalunci, don ba a daki kowa ba, ba a kori kowa ba, ba a ɗaga murya ba. An dai ɗauki rayuwar yaro guda an zuba a rumbu, da ladabi, a gaban idonmu. Mu kuwa in zalunci ya zo da ladabi, tashi muke mu ba shi tabarma.

Da safe motar Likita ta tashi da Maliki a baya, a zaune kan akwatinsa. Mu'azu yana kwance a barandar asibiti, ƙafarsa a kan matashi. Ya ji ƙugin motar, ya ɗago kamar yadda ya saba, sai ya tuna, ya koma ya kwanta. Ina zaune kusa da shi na kawo masa kunu, sai ga Malam Dabo. Bai dubi inda ɗan yake ba, Malam Ja'afaru ya nufa.

"Malam, yaushe ƙafar za ta yi aiki?"

"Ba yanzu ba. In ya shiga laka kafin ta rufe, sai dai a yanke ta. Ka ji na gaya maka."

Malam Dabo ya tsaya yana shafa gemu, har na ɗauka maganar ta shige shi. Can ya ce, "To, fadama sai in sa wasu. Amma tsinkar gyaɗa ai a zaune ake yi." Ya juya ya fuskanci bangon asibiti. "A gaya wa wancan, jibi za a kawo jaki."

Na dubi Mu'azu. Na so ya yi ihu, na so ya yi jifa da ƙwaryar kunun, na so ko tsaki ne ya ja.

"To, Baba," in ji shi.

Jibi da hantsi aka kawo jakin.